Shaidar mai riƙe da sikeli a kicin ɗin gidan abinci

Assalamu alaikum. Shekara goma sha shida na yi ina aikin awo, da farko a gidan burodi, daga baya a kicin ɗin gidajen abinci na zamani masu shawarma da mitfai da soyayyiyar kaza. Makullin sito a hannuna yake, kuma duk abin da za a zuba a kwaɓi ko a ruwan jiƙa nama sai ya hau sikelina. A kan abin da ya bi ta wannan sikeli zan ba da shaida, ba tare da kama sunan kowane gida ba.

Yawancin masu tambayata tsoronsu yana kan sunayen nan masu harafin E da lamba da suke gani a bayan kwali. Ni kuwa wanda aka rubuta sunansa bai cika tayar mini da hankali ba, domin an san shi, an san iyakarsa. Abin da nake tsoro shi ne farin gari a ƙullin leda wanda babu suna a jikinsa, da hannun da ke ɗibarsa da ka.

Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, ana cikin zafi, azumi ya ƙarato. Aka riƙa kai mutane asibiti da amai da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da ɗan tsami. Ɗaruruwa aka kwantar, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Ɗan tsami na ainihi, wato sitirik asid mai lamba E330, shi ne tsamin da ke cikin lemon tsami, kuma akwai shi a lemon kwalba da yawa. Da NAFDAC ta gwada abin da aka sayar wa mutane, sai ta bayyana cewa wani sinadarin masana'antu ne mai suna hydroxylamine aka sayar da sunan ɗan tsami. A ido duk ɗaya ne: fari, mai ƙyalli, kamar sukari. Mai zoɓo ba ta da hanyar bambancewa, tunda buhun asali yana can wurin dila, ita ƙulli kawai aka miƙa mata. A sitona ma akwai farin gari aƙalla iri takwas da idan aka cire musu takarda, ni kaina sai na tsaya tunani: gishiri, sukari, farin magi, bakin hoda, ɗan tsami, sakarin, maganin fumfuna da fosfet.

Bari in fara da burodi, tunda shi ne marfin kusan komai, daga baga har burodin mai shayi. Buhun fulawa mai kilo 50 yakan ci gishiri giram 750 zuwa kilo ɗaya, sukari kilo 5 zuwa 6 a irin burodin da muke so mai zaƙi, yis fakiti ɗaya na giram 500 ko ƙasa da haka, bota kilo 2 zuwa 3, sai maganin fumfuna, kalsiyam furofiyonet mai lamba E282, giram 100 zuwa 150. Wannan na ƙarshe ba abin ɗaga hankali ba ne. Idan ya yi yawa ma shi ke tona kansa: yis ya yi sanyi, kwaɓi ya ƙi tashi, burodi ya riƙa wani ɗan wari mai hawa hanci.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da masu burodi ke kira imfuruba, mai ƙarfafa kwaɓi ya riƙe iska. Halastacce ana yin sa da bitamin C da wasu sinadarai da ake kira enzayim, kuma bitamin C ɗin da buhu guda yake buƙata bai wuce giram 3 zuwa 5 ba. Haramtaccen shi ne fotasiyam buromet. Yana da araha, yana sa burodi ya kumbura ya yi fari ya yi laushi kamar auduga, har mai gida ya fitar da ƙarin burodi daga buhu guda. Ingila ta hana shi a 1990, Kanada a 1994, Sin a 2005, Indiya a 2016, a Najeriya kuma NAFDAC ta hana shi tun zamanin marigayiya Dora Akunyili. Dalili shi ne gwaje-gwajen da aka yi a Japan a farkon shekarun 1980 sun nuna yana haddasa kansar ƙoda a jikin ɓeraye, kuma a 1999 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta lissafa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo kansa ga ɗan Adam.

Masu kare shi sukan ce ai Amurka ba ta hana ba. Gaskiya ne a matakin tarayya, ko da yake jihar Kalifoniya ta yi dokar hana shi a 2023. Amma dubi iyakar da suka sa: kashi 75 cikin miliyan na nauyin fulawa. A buhun kilo 50, giram 3.75 ke nan, bai cika cokalin shayi ba. Dabarar ita ce idan an sa wannan ɗan kaɗan aka gasa sosai, zafin tanda yakan juya shi zuwa buromaid wanda ba shi da wannan illar. To a gidan da babu sikelin giram, yaro ne zai cika murfin gora ya watsa. Sannan don tsimin itace ko gas, a cire burodi da wuri, bayansa ya yi ja amma cikinsa bai gama gasuwa ba. Abu biyun da ke barin buromet a cikin burodi ke nan, yawa da ƙarancin gashi, kuma a gida ɗaya ake samun su. Shi kansa mai kwaɓin yana cikin haɗari, domin wanda ya haɗiyi garin da yawa ƙodarsa na iya tsayawa, kuma yana iya kurumcewa har abada. Ba a gane buromet da ɗanɗano. Sai dai idan burodi ya cika girma, ba nauyi, kuɗinsa kuma ƙasa da na kowa, a tuna ruwa ba ya tsami banza.

Sakarin kuwa tsadar sukari ce ke kawo shi. Ya fi sukari zaƙi kusan sau 300, don haka giram 17 zai maye gurbin zaƙin kilo 5. Ƙa'idar burodi ta Najeriya ba ta yarda da shi ba. Shi ana gane shi: yis ba ya cin sa, bayan burodin ba ya yin ja yadda ya kamata, yana saurin bushewa, kuma bayan an haɗiye akwai ɗan ɗaci kamar an lashi ƙarfe.

Sai kaza. Ƙirjin kaza idan an soya shi haka nan bushewa yake yi, yana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Don haka ake kwana da shi a ruwan gishiri da sukari da kayan ƙamshi, a manyan wurare kuma har da fosfet, wanda a kwali za a ga E450 ko E451. Fosfet yana buɗe zaren nama ya sha ruwa ya riƙe, kilo 10 ya koma 11 ko fiye. A Amurka iyakarsa rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne na nauyin naman, wato giram 50 a kilo 10. Idan an zarce, nama yakan yi santsi da danƙo kamar roba, da ɗanɗanon sabulu. Ga mai lafiya ba wani abu ba ne. Ga mai ciwon ƙoda babban abu ne, domin fosfet ɗin da ke cikin wake ko nama na asali kusan rabinsa kawai hanji ke tsotsa, amma wanda aka zuba da hannu kusan duka yake shiga jini, ƙodar da ta gaza kuma ba ta iya fitar da shi. Yana taruwa ya raunana ƙashi, ya sa jijiyoyin jini su yi tauri. Mai zuwa wankin ƙoda zai ga kaza fara sol ya ɗauka ita ce ta fi dacewa da shi, alhali babu wanda zai gaya masa a me ta kwana.

A ƙananan wurare akwai wata mummunar ɗabi'a da NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kanta: jefa farasitamol a tukunyar ganda ko ƙafar sa don ta yi saurin laushi. Zafi yana fasa ƙwayar zuwa wani abu mai cutar da ƙoda, ga kuma nauyin da maganin kansa ke ɗora wa hanta. Ɗanyen gwanda da aka fere aka jefa yana yin aikin, haka ma tukunyar matsi.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya yi da kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin cokalin shayi ɗaya shafe. Ɗauki shawarma ɗaya mai sosej biyu, bisa awon da aka saba. Burodin naɗi yana ɗauke da kusan giram 0.8. Naman kaza giram 100 da ya kwana a ruwan gishiri da dunƙule, giram 1.2 zuwa 1.5. Sosej biyu, kusan giram 1.6. Bama cokali biyu, rabin giram. Kecaf cokali ɗaya, kusan rabin giram. An tashi giram huɗu da rabi zuwa biyar, rabon yini guda a naɗi ɗaya, kuma mai ci ba zai ce ta yi gishiri ba, saboda sukarin da ke cikin kecaf da haɗin bama yana danne shi, mai kuma yana lulluɓe harshe. Babu wanda ya zauna ya ƙulla wannan. Mai burodi ya sa nasa daidai, mai sosej ya sa nasa daidai, mai jiƙa nama ma haka, amma ba wanda ke tara jimilla. Idan an ga sodiyam a jikin kwali, a ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin: miligiram 800 na sodiyam gishiri giram 2 ne. Dunƙulen miya ɗaya mai giram 4, rabinsa ko fiye gishiri ne. A ganina, da za a jera duk abin da ke sitona a ce wanne ya fi kai mutane asibiti, gishiri zan nuna, ta hanyar hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Shi ne kuma babu mai tsoronsa.

Farin magi, wanda kowa ke zagi, laifinsa bai kai sunansa ba. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano shi a 1908, kuma ɗanɗanon nan nasa shi ne dai wanda ke cikin daddawa da tumatir da busasshen kifi. Sodiyam ɗinsa kusan kashi 12 cikin ɗari ne, na gishiri kuwa kusan 40. Wasu mutane kaɗan sukan ji ciwon kai ko zafin fuska idan sun ci da yawa a cikin da babu komai, ya wuce bayan ɗan lokaci. Ƙorafina da shi daban ne: yana ba romon da babu nama ɗanɗanon nama. Cikin mitfai da dankali ya fi nama sau uku, farin magi ne ke rufa masa asiri.

A kan lemon kwalba ba sai na daɗe ba. Kola tana da sukari kusan giram 10.6 a kowane mililita 100, don haka robar santilita 50 giram 53 ce, cokalin shayi goma sha uku. Iyakar da aka ba babba a yini kusan giram 50 ce.

Sosej yana da nasa zance. Jan launin nan nasa ba na nama ba ne, domin dafaffen nama toka-toka yake. Aikin sodiyam naitarait ne, E250, kuma ba don ado kawai ake sa shi ba: yana hana ƙwayar cutar botulizim tsira a naman da aka rufe ba iska, cutar da ke shanye numfashi. Abin da ake buƙata ɗan mitsitsi ne, bai wuce giram ɗaya da rabi a kilo 10 na nama ba. Shi ya sa masana'antu ba sa ajiye shi tsantsa a wurin aiki, sai gauraye da gishiri, a wasu ƙasashe har a rina shi ruwan hoda don kada a yi kuskure. Tsantsarsa kamar gishiri yake, kuma idan aka ɗebe shi a matsayin gishiri, jini ya daina ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi cikin ƙanƙanin lokaci. Matsala ta biyu a kan wuta take. Idan aka babbake sosej a farantin gashi har ya yi baƙi, naitarait yana haɗuwa da furotin ya haifar da naitirosamin, masu jawo kansa. A 2015 IARC ta sa sarrafaffen nama a rukunin farko, ta ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin kansar hanji da kusan kashi 18 cikin ɗari. Rukunin farko yana nufin hujja ta tabbata, ba yana nufin illarsa ta kai ta taba sigari ba. Amma sosej biyun da ke cikin shawarma sun haura giram 50 ɗin. Kuma a karanta jerin kayan haɗin da ke jikin fakitin, domin bisa ƙa'ida abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. A mai araha za a ga naman da inji ya matso daga ƙashin kaza, sai ruwa, sai sitaci, sai waken suya.

Man suya shi ne abin da ba a rubuta shi a ko'ina, kuma a nan na fi ganin ɓarna. Kaskon suya na lantarki yana cin lita 20 zuwa 25, ana aiki da shi a digiri 170 zuwa 180 na ma'aunin Salsiyos. Abu uku ke kashe mai: zafi, ruwa, iska. Ruwan da ke fita daga kazar da aka ciro daga firiza yana farfasa man, shi ya sa tsohon mai ke hayaƙi da wuri. Sabon tataccen mai sai ya haura digiri 220 kafin ya yi hayaƙi, wanda ya gaji kuwa a zafin suya ma yana yi. Iska da zafi suna haifar da abubuwan nan masu yaji a ido da ƙaiƙayi a maƙogwaro. Daga nan ƙwayoyin man su fara harɗewa da juna, ya yi kauri, ya bar wani jan danƙo a bakin kasko wanda soso ba ya fitarwa. Mai mai kauri kuma ya fi maƙalewa a abinci, don haka cibs ɗin tsohon mai ya fi shan mai.

Ƙasashen Turai da dama sun sa doka a zubar da mai idan lalatattun sassansa sun kai kashi 24 zuwa 27 cikin ɗari, kuma akwai ɗan ma'auni da ake tsomawa ya nuna lamba nan take. Inda babu shi, ido da hanci ake bi: launi ya yi duhu har ba a ganin ƙasan ludayi, kumfa ƙanana masu yawa da ba sa fashewa, hayaƙi, ɗigon da ke zuba a hankali kamar zuma. Sai dai wasu manyan jarkokin man suya suna zuwa da maganin kumfa, E900, da mai hana ɓaci, TBHQ ko E319, wanda iyakarsa miligiram 200 ce a kilo. A wannan awo ba su da laifi, amma maganin kumfa yana ɗauke ɗaya daga cikin alamun da mai suya ke dogara da su.

Abin da aka saba yi shi ne ciko. Mai ya ragu, a ƙara sabo a kai, gobe ma haka, kasko ya yi wata ba a ga gindinsa ba. Sabon yana gyara launi, amma tsohon yana saurin lalata shi. Akwai kuma gado: man da ya gama da cibs ya koma kan kaza, daga kaza ya koma kifi, idan ya yi baƙi ƙirin sai a juye a jarka. Daga nan hanya biyu ce. Ko ya shiga miyar tumatir da dafa-duka, inda ja da yaji ke ɓoye shi, ko kuma da yamma wani ya zo da babur ya saye shi da araha, ya ƙare a kaskon ƙosai da awara a ƙofar makarantar firamare. Wannan na biyun shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a littafin sito ana rubuta shi a matsayin riba.

Riƙon mai yadda ya kamata ba wuya gare shi ba. A tsame ɓurɓushi da matsami bayan kowace suya, don shi ke ƙonewa ya ɓata sauran. A tace shi kowane dare yana da ɗumi, a wanke kasko a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Kada a barbaɗa gishiri a saman kasko. A kakkaɓe ƙanƙarar kaza kafin a tsoma. Idan babu ciniki a rage wuta zuwa wajen digiri 120, a rufe. Kuma a duba na'urar daidaita zafi da ma'aunin hannu, domin idan ta lalace takan nuna 175 alhali man yana 200, ya mutu cikin kwana biyu.

Wannan zafin yana da alaƙa da dankali ma. A 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci idan an soya ko an gasa shi sama da digiri 120 yana haifar da akirilamaid, wanda ake zargi da jawo kansa. Ba zuba shi ake yi ba, a cikin kasko ake haifarsa, kuma gwargwadon duhun suya gwargwadon yawansa. Ɗanyen dankalin da aka ajiye a firji ya fi yin sa, don sanyi yana juya sitacinsa ya zama sukari. A jiƙa yankakken dankali a ruwa rabin sa'a, a tsane, a soya a 175, a kwashe yana ruwan zinariya.

Mitfai kuma, ɓawonsa ne abin dubawa. Kilo ɗaya na fulawa yana cin bota rabin kilo, ya fitar da kamar guda 15, kuma da yake ba duka botar ce kitse ba, kowanne yana ɗauke da kitse wajen giram 27 kafin a zo ga cikinsa. Botar gashi iri biyu ce. Akwai wadda aka daskarar da man ta hanyar cusa masa haidirojin rabi-rabi, ita ce mai kitsen taransi, wanda ke ɗaga mugun kolestarol ya sauke mai amfani. Denmak ce ta fara taƙaita shi a 2003, Najeriya ma yanzu tana da ƙa'idar mai da kitse da ta sa iyakar giram 2 a cikin giram 100. Yawancin botar da ke kasuwarmu daga man ja ake tace ta, wadda daskararriya ce da ma, don haka matsalarta yawan kitse ne kawai. Amma botar da ake yankowa daga kwali a sayar a leda, ba wanda zai iya cewa wace iri ce.

Kala ma haka. Garin kalar ƙwai da ake sa wa soyayyiyar shinkafa da kek, yawanci tatirazin ne, E102, da E110. Bayan wani bincike na Jami'ar Southampton a 2007, Tarayyar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke da su cewa suna iya shafar natsuwar yara. Kan cokali ya ishi babbar tukunya, kurkum kuma yana yin aikin. Wanda ya fi muni shi ne rinin masana'antu mai suna Sudan da ake zuba wa man ja don ya ƙara ja, wanda hukumar abinci ta Gana ta kama a kasuwannin Akara a 2015. Wannan ba na ci ba ne ko kaɗan.

Akwai ɓoyon da ya shafi addini. A 2002 kamfanin McDonald's ya nemi gafara ya kuma amince ya biya dala miliyan 10, bayan ta bayyana cewa cibs ɗin da ya ce da man tsirrai yake soyawa a Amurka akwai ɗanɗanon naman sa a ciki, an ɓoye shi a ƙarƙashin kalmar ɗanɗano na halitta. Mabiya addinin Hindu da marasa cin nama ne suka kai ƙara. Mu ma muna da irin waɗannan kalmomi masu faɗi. Jelatin daga fata da ƙashin sa ko na alade ake yin sa. E471 da ke cikin burodi da askirim yana iya zama na tsirrai ko na kitsen dabba. E920 mai sassauta kwaɓin burodin naɗi, wani daga gashin tsuntsu ake ciro shi, wani daga gashin mutum ko na dabba, wani kuma ta hanyar tsimi. Rigar sosej ma tana iya zama hanjin alade idan daga waje aka shigo da shi. Lambar ba ta faɗin asali, sai tambarin halal a jikin kwalin, kwalin kuwa yana sito. Mai saye yana da haƙƙin cewa a nuna masa, kuma gidan da ke da gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Haka mai rashin jituwa da wani abinci. Yajin tsire ƙuli-ƙuli ne, wato gyaɗa, kuma ana barbaɗa shi a shawarma da kaza ba tare da an faɗa ba. Bama ƙwai ce. Wuƙa ɗaya da faranti ɗaya ke yi wa kowa aiki. Sai da wata yarinya 'yar Ingila mai shekara 15 ta rasu a 2016 saboda riɗin da ke cikin burodin da ta saya ba a rubuta ba, sannan ƙasar ta yi dokar da ta fara aiki a 2021 ta tilasta rubuta komai a jikin abincin da aka naɗe a shago.

Sauran abin da kayan ɗanɗano ke rufewa shi ne kwanan abinci. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma naman da ke tsakiyar sandar shawarma yana zaune a wannan tsakani, tunda wuta bayansa kawai take gasawa. Ƙa'ida ita ce a ɗaura abin da zai ƙare cikin 'yan sa'o'i, a yanka siriri daga inda ya gasu, a ƙarasa shi a faranti har cikinsa ya kai digiri 75, abin da ya rage a sanda da dare kuma a yanke shi duka a gasa sosai a sanyaya da sauri, ko a zubar. Inda ba a bin wannan, sai a sauke sandar yadda take a tura firiza, wuta ta ɗauke, janareta ya huta ƙarfe biyu na dare. Da safe a wanke naman da ruwan khal, a ƙara kori da tafarnuwa da yaji, a jera shi a tsakiya, a lulluɓe da sabo. Soyayyiyar shinkafa ta fi wannan haɗari, don ƙwayar da ke tsira a shinkafar da ta kwana da ɗumi tana barin gubar da ɗumame ba ya kashewa, amai ya fara cikin sa'a ɗaya zuwa biyar. Idan shawarma ta zo da tsami fiye da na kullum, yaji ya yi yawa ba a nema ba, naman kuma ya yi laushi yana dagargajewa, galibi na jiya ne, kuma waɗanda suka fara zuwa da buɗe shago su ke samun sa.